Gawon da na zana ba ganye

Yau labarin wata takarda na kawo muku, da kunyar da ta sa na ji, da abin da ta haifar a garinmu.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na ƙasar Keita. Karatuna bai wuce firamare ba. Amma tun ina yaro hannuna shina son zane. Ina ɓoye abin, don mutane suna cewa wasan yara ne, magidanci mai iyali ba shi zama shina shafa gawayi bisa takarda.

Bana, cikin watan Janairu, na tashi bayan sallar asuba na hau dutsin da ke gabas da gari. Na ɗauki gawayi, da takardar buhun siminti da na yanke na goge, da jar ƙasa cikin ƙyalle. Iskar hunturu tana busowa daga gabas maso arewa. Hazo ya rufe kwari. Rana ta fito fara, mutum shina iya kallonta ido bai yi zafi ba. Gonakin tudu sai karan hatsi. Can ƙasa cikin fadama garakan albasa sun yi shar, masu ban ruwa sun hura wuta suna ɗumi.

Na fara zane. Abin da ke nesa na yi shi ƙanƙane, kuma ban danna gawayi ba. Abin da ke kusa na yi shi babba, na danna ƙwarai. Hazo kuwa da yatsa na yi shi: na shafa toka bisa duwatsun nesa har sunka kusa ɓacewa. Bakin gebe na sa mishi jar ƙasa. Da na kai ga babban gawon da ke tsakiyar gona, yatsuna sun ƙage don sanyi. Na ja gindi da rassa, na naɗe takarda na sauka. A gida na dube shi na ce ya yi. Ya yi kama da itatuwan da muke gani cikin littattafan lakkwal, na ƙasar Faransa, inda itace ke zubar da ganye lokacin ɗari.

Kwana uku takardar tana ƙarƙashin tabarma. Ran na huɗu na yi ƙarfin hali na kai ta wurin karatu, na liƙa bisa allo. Gabana shina faɗuwa. Waɗansu sunka yi dariya. Waɗansu sunka matso, kowa shina neman gonarshi.

Akwai wani dattijo makiyayi da ke zama can baya. Wata guda shina zuwa, bai taɓa buɗe baki ba. Alli shina karyewa cikin hannunshi. Ya riga ya gaya mini ƙarshen mako za shi bari, wai hannun da ya saba da sanda ba shi iya rubutu. Ranar sai ya miƙe, ya dubi takarda, ya ce: "Malam, wa ya kashe gawon nan?"

Na ce: "Baba, ai da ranshi."

Ya ce: "In da ranshi, ina ganye? Gawo da damana shike tuɓewa. Da ɗari shike sa riga. Awakina yanzu ƙarƙashinshi suke kwana, suna jiran ƴaƴanshi su faɗo."

Aka bushe da dariya, wannan karo ni aka yi wa. Gaskiya tashi ce. Kowane yaro a Adar ya san gawo shina ƙin ruwan damana. Shi ya sa hatsi ke yin kyau gindinshi: ba shi tare rana lokacin noma, ganyen da ya zuba shina zama taki, dabbobin da sunka sha inuwarshi da rani su ma sun bar nasu takin. Na san wannan duka. Amma na bi hoton littafi, na bar abin da idona ya gani.

Na miƙa wa dattijon gawayi na ce shi gyara. Ya ƙi, jama'a sunka matsa mishi. Ya kama gawayi kamar mai kama wutsiyar kunama. Sannu sannu ya ɗiga ganye, ya ja ƴaƴan gawo masu lanƙwasa. Na ce mishi: "Baba, wannan lanƙwasa da ka yi, in ka rufe bakinta ta zama harafin o." A daren nan ya rubuta gawo da hannunshi ƙarƙashin itacen. Ita ce kalmarshi ta farko. Har yau bai fasa zuwa ba.

Kashegari na kai takardar ajin mata. Wata tsohuwa ta daɗe tana dubawa, ta aza yatsa bisa gangaren dutsi ta ce: "Ɗana, ina jerin duwatsunmu? Da kaina na ɗauke su."

Sai ta ba mu labari. Bayan farin 1984 dutsin nan kamar tafin hannu shike. A shekarar ce Furoje Keita ya fara aiki, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, hukumar PAM kuwa tana biyan masu aiki da abinci. Maza da yawa sun tafi bida Najeriya da Kodebuwa, don haka mata sunka fi yawa wurin aikin. Sunka jera duwatsu, sunka haƙa ramu bisa gangare, sunka dasa miliyoyin itatuwa. Amfanin jerin shi ne, in ruwan sama ya taho da gudu shi tare shi, ruwa shi tsaya shi shiga ƙasa, kada shi kwashe gona.

Na ce: "Inna, na zana jerin, ga shi nan. Inda kika ga babu, babu na gani."

Aji ya yi tsit. Kullum muna bi ta wurin, amma sai bisa takarda munka ga girman giɓin, da yadda gebe ya biyo ta nan shina cin gonaki. Magana ta kai gaban mai gari. An yi gayya kwana biyu, mun mai da duwatsu wurinsu tun damana ba ta faɗi ba.

Yanzu na bar ɓoyo. Na je kwarin Majiya a ƙasar Buza, na zana layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don tare iska. Ran kasuwar Madawa na zauna wurin masu tabarmin kaba ina koyon yadda suke haɗa launi. Ashe zane namu ne tun kaka da kakanni: shina bisa ƙwarya, da tabarma, da zayyanar allon mai sauka. A Dabus, cikin ƙasar Agadas, akwai raƙuman dawa da mutanen da sunka sassaƙa bisa dutsi shekaru dubbai da sunka wuce.

Wanda ke son gwadawa, ba sai ya sayi komi ba. Gawayin murhu ya isa, da bayan buhun siminti. Ka zauna inda iska ba ta bugunka, ka daɗe kana kallo kafin ka ja layi. In ka gama, ka jiƙa ƙaro cikin ruwa ka yayyafa kaɗan kaɗan da tsintsiya, don kada gawayi shi goge. Sannan ka nuna wa makwabcinka. In ya yi dariya, ka tambaye shi inda ka ɓata, ka miƙa mishi gawayi.

Takardar tana nan liƙe a ɗakin karatunmu, da rassana da ganyen Baba. Allah shi kai mu damana lafiya.