Ƙafa ta ɗoru, kai kuma fa?

A wajenmu, in mutum ya karye ba a doguwar shawara, Aliero ake nufa. Garin ya yi suna a ɗori kamar yadda ya yi a noman albasa. Can muka kai ƙanena da ya faɗi da babur a hanyar Jega zuwa Maiyama, ba hular kwano. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya gane kowa. Da yake kan bai fashe ba, hankalinmu duk ya koma kan ƙafa. Ta kuwa ɗoru, Allah ya saka wa mai ɗorin da alheri.

Bayan wasu makonni yaro ya fara canjawa. Barci ba dare ba rana, ciwon kai, amai, a aike shi ya manta saƙon. In zai yi tafiya sai ya riƙa jan ƙafafu, muna cewa ai karayar ce. Ranar da fitsari ya kufce masa, saurayi da gemunsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, don Allah kada Inna ta ji." Har yau maganar nan tana sosa mini rai. Dangi wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu.

Wani maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya ne ya dage sai mun kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa. Hoton kai ya nuna ruwa ya taru. Likita ya ce ƙwaƙwalwa kan samar da ruwa kusan mililita 500 kullum, ya zagaya, jiki ya shanye. Jinin da ya zuba a cikin kai lokacin buguwar ya toshe masa hanya, ƙoƙon kan babba kuwa ba ya buɗewa, sai ruwan ya danne ƙwaƙwalwa.

Aka sa masa siririyar roba ta ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, tana janye ruwan. Albasarmu ta shekarar duk ta tafi a magani. Tafiya ta daidaita, fitsari ya daina kufce masa, amma mantuwar ba ta sake shi gaba ɗaya ba.

'Yan'uwa, duk wanda ya bugu a ka har ya suma, ko da bai zubar da jini ba, ku kai shi likita ya duba. In kuma hali ko tafiya ta canja daga baya, ko bayan watanni ne, ku koma asibiti, ku ambaci haɗarin.