Ɗa Ne Ni Ko Bawa?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malamai abin da na gane game da 'yanci.

Kakan mahaifina bawa ne a ƙasar Zazzau. A shekarar 1901 Gwamna Lugga ya kafa doka, duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar nan ɗa ne. Amma waɗanda dokar ta tarar cikin bauta ba ta sallame su nan take ba, kuma ba a soke bauta ɗungum ba sai 1936. To, tsohon nan bai zauna jira ba. Ya riƙa biyan ubangidansa murgu domin a bar shi ya yi sana'ar kansa. Yana dukanci yana tari, har ya cika kuɗin fansa, alƙali ya ba shi takardar 'yanci.

Ni kuwa ɗa aka haife ni, a ƙasar da ta sami mulkin kai tun 1960. Amma da na tashi aurar da 'yata, tsoron bakin mutane ya sa na ci bashi mai nauyi, don kada a raina gararmu. Biki ya watse, bashi ya zauna. Shekara biyu albashina bai kwana a hannuna ba. In na hango mai kuɗin sai in faɗa lungu, ko cikin salla lissafi nake yi. Wa ya sayar da ni? Ba kowa sai zuciyata, da son a yaba mini.

Ku tuna da Sayyidina Bilal a Makka. An kwantar da shi cikin rana, an aza masa dutse a ƙirji don ya bar Musulunci, ya ƙi. Jikinsa na hannun mutane, zuciyarsa kuwa ba mai iko da ita sai Allah. Amma kada wani ya ce 'yancin jiki ba kome ba ne. In da haka ne, da Sayyidina Abubakar bai ba da dukiyarsa ya 'yanta shi ba. Watau mutum bai cika ɗa ba sai ya haɗa biyun: ba igiya a wuyansa, ba wanda yake tsoro sai Mahaliccinsa.

Yanzu na daina gudu. Na tafi wurin mutumin da ƙafata, na sayar da babur ɗina na rage masa, muka yanka abin da zan riƙa biya kowane wata. Fansar kaina ke nan nake biya, kamar yadda kakana ya yi.

Jama'a, kafin ka ci bashi don idon mutane, ka tuna ranar biya ba wanda zai taya ka. Malamanmu kuma ku taimake mu da wa'azi a kan almubazzarancin biki. Allah ya fanshe mu daga bautar son zuciya, amin.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.