Dala biyar ɗin ƙanwarmu

Ƴan uwa matan asusu na Tasawa da Mayahi da ƙauyukansu. Yau wata magana muka kawo gabanku, wadda ta kusa raba ƙungiyarmu gida biyu.

Akwai wata ƙanwarmu a gari, ba za mu faɗi sunanta ba. Tana ƴar ƙarama sanƙarau ya kama ta, a annobar 1995 da ta ci yara da yawa a Nijar. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ƙwaƙwalwarta ba ta koma daidai ba. Yau ta haura shekara talatin, ƙirganta bai wuce goma ba. Yara na ce mata gaɓuwa. Sana'arta ɗebo ruwa a famfo tana kai wa gidaje, ana biyanta.

Ran da ta zo da dala ashirin ƙulle a bakin zane, ta ce tana son shiga asusu, taro ya rikice. Wasu sunka ce asusu amana ce, wanda bai san lissafi ba ina zai san amana? Ma'ajiyarmu ta ce ai malamai na faɗi an ɗauke alƙalami a kan yaro da mai barci da wanda hankalinsa ya gushe, to wadda Allah bai kama da laifi ba, mu da wace doka za mu kama ta? Mun dai karɓe ta, amma gaskiya don tausayi ne.

Dokarmu, wadda ta makara tana biyan tarar dala biyar. Wata Laraba ta iso an riga an buɗe akwati. Shugaba ta ce, "Ku ƙyale ta, ita ba ta san komi ba." Sai ta ƙi zama. Ta kwance bakin zanenta ta aje kuɗi bisa tabarma, ta ce, "Inna, na makara. Kowa na biya, ni ma in biya." Munka yi dariya, amma da dare abin ya dawo mana. Ashe yafewar da muke mata, cire ta muke daga cikin mutane, kuma ta gane.

Bayan girbi abu mai nauyi ya zo. Matar wanta, wadda ke riƙe mata kuɗi, ta ce ƙanwarmu na son rancen jika goma za ta fara sai da ƙuli-ƙuli. Shugaba ta tambaye ta gaban kowa, kamar yadda ake wa kowace mai neman rance. Ta rufe fuska da gyale, ta daɗe, sannan ta ce, "An ce in ce nawa ne. Ba nawa ba ne." Ba ta san ko nawa ne jika goma ba. Ta san ƙarya ce, kuma ta san abin da za ta tarar a gida. Kwana uku matar wan ba ta yi mata magana ba, sai da munka tura dattijai biyu daga cikinmu aka sasanta.

Kada ku ɗauka waliyiya ce. Tana da fushi, tana da riƙo. Ta taɓa marin wani yaro da ya tsokane ta, washegari ta kai masa alewa ba wanda ya aike ta. Wanda bai san ya yi laifi ba, ba ya zuwa ba da haƙuri.

Mu da munka taso da tatsuniya ya kamata mu riga kowa gane wannan. Wa ya kai Gizo wayo? Amma wa za ta ba Gizo makullin akwati? Kakanninmu sun daɗe da raba wayo da kirki, mu ne munka haɗe su don mun koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci. Ita kanta tafiyar Mata Masu Dubara, da ta soma nan jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, da matan da ba su karatu ta soma. Amana ce ta riƙe ta.

Mun je wajen wani malami a garinmu. Ya ce ɗauke alƙalami rahama ce ta Ubangiji, ba shaida ba ce cewa zuciya ba ta rarrabe kyakkyawa da mummuna. Ya tuna mana aya ta 5 a Suratun Nisa'i, inda aka yi umarni a tsare dukiyar mai raunin hankali, a ciyar da shi, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. Haka ma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta ba su haƙƙin kula da kuɗinsu, tare da mataimaki da kariya daga cuta.

To ga abin da munka tsaida. Ƙanwarmu na zubi da hannunta, tana biyan tara kamar kowa. Mata biyu da ba danginta ba ke ƙirga mata ran rabo. Ba a rance da sunanta sai an tambaye ta ita kaɗai, an bayyana mata da tsakuwa mako nawa za ta yi tana biya.

Har yanzu ma'ajiyarmu na cewa mun ɗora mata kayan da ba nata ba, kuma muna sauraronta. Ku fa, ƴan uwa, in kuna da irinta a ƙungiyarku, ku aiko mana yadda kunka yi.