Ƙarar Tafet Da Kunnen Bakanike

Da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, babu wanda ya ɗaga ido ya kalli tsohuwar Chevrolet Caprice ɗin da ke kwance a kangon bayan gidanmu a Fagge, sai autanmu. Ƙirar 1984 ce, daga Saudiyya marigayin ya shigo da ita, inda a zamanin nan ake ji da irinta. Injinta mai silinda 8 ne, yana shan mai kamar raƙumin da ya kwana uku bai ga rijiya ba. Mu manya muka ce a kai ta Ƙofar Ruwa a sayar wa masu yanka motoci. Auta ya ce a sa masa ita cikin rabonsa, aka sa masa.

Da tayar da ita kawai ya yi, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma yaron ya daɗe yana kallon yadda matasan Amurka ke ƙara wa irin wannan inji ƙarfi, ya ƙwallafa rai sai tasa ta riƙa gurnani irin nasu. Ya tara abin da yake samu a shagon yadi a Kantin Kwari, ya yi odar kamshaf mai manyan ƙusoshi, irin wanda ake sa wa motocin tsere. Na ce masa a ina zai yi tseren, tsakanin Wapa da Titin Faransa? Ya ce, "Yaya, ba za ka gane ba." Gaskiya ya faɗa, a lokacin ban gane ba.

Ga abin da na gane daga baya. Kamshaf sanda ce mai ƙusoshi da ke juyawa sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu. Ƙusoshin nan su ke tura bawul ya buɗe, ɗaya don mai da iska su shiga silinda, ɗaya don hayaƙi ya fita. Kamshaf na tsere yana buɗe bawul da wuri, ya buɗe shi sosai, ya kuma jinkirta rufe shi, har a sami lokaci mai ɗan tsawo da ƙofar shiga da ta fita duk suna buɗe tare. Idan inji yana gudu da ƙarfi, wannan alheri ne, domin hayaƙin da ke fita a guje yana janyo sabuwar iska a bayansa. Idan kuwa yana silo, sai hayaƙi ya riƙa komawa baya yana gauraya da sabon mai. Injin ya yi ta karkarwa yana tari, ƙarfinsa na tashi daga tsaye ya ragu. Wannan tarin shi ne gurnanin da samari ke sha'awa.

Akwai kuma abin da ba a jinsa a bidiyo. Birkin yawancin motoci yana samun taimako ne daga zuƙon da inji ke yi a bututun shigar iska. Wannan zuƙon ne ke sa ɗan taki kaɗan ya tsayar da ƙarfe mai nauyi. Manyan ƙusoshi suna rage zuƙon a silo, wato daidai lokacin da direba ke cikin cunkoso yana taka birki sau goma a minti ɗaya.

Ina cikin motar ranar da muka koyi wannan darasi. Yammacin wata Alhamis ce, mun taso daga Kantin Kwari, titi ya cushe da Adaidaita Sahu da 'yan dako. Auta ya taka birki sau biyu, a na uku sai feda ta ƙage kamar dutse. Ya miƙe a kanta da dukkan ƙarfinsa. Motar ta tsaya, amma sai da bambarta ta taɓa baron wani dattijo da ya ɗauko dilar atamfa. Bai ji ciwo ba. Ya juyo ya dube mu, bai zage mu ba, ya ce, "Samari, ku ji tsoron Allah," ya ci gaba da turinsa. Ni da furfura a gemu aka haɗa ni cikin samari, kuma ban ga laifinsa ba. A daren na ce wa Auta ko ya mayar da tsohon kamshaf, ko motar ta koma kango.

Mafita ta uku ta fito ne daga Sabon Gari, wajen wani ɗan kasuwar kayan gyara, Ibo haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗin ji. Yana da ɗan'uwa a Amurka mai aiko masa da kaya. Ya saurari labarin, ya ce akwai wani irin tafet da aka ƙera domin wannan matsala, kamfanin Rhoads ne ya yi suna da shi tun shekarun 1970, in muna so za a sako mana guda 16 cikin kaya na gaba.

Tafet shi ne ɗan ƙarfen da ke zaune a kan ƙusar kamshaf, shi ke karɓar turi ya miƙa shi zuwa bawul. Na irin wannan inji mai aiki da bakin mai ne: a cikinsa akwai ɗan ɗaki da mai ke cikawa, man ya zama kamar matashi mai tauri da ke cike duk wani gibi, shi ya sa ba ya ƙara kuma ba ya buƙatar a riƙa saita shi. Abin da masu wancan tafet suka yi ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. Sun bar masa hanyar yoyo da gangan. A silo, ƙusa tana tafiya a hankali, mai yana samun lokacin tsiyayewa, tafet ya ɗan nutse, bawul ya makara wajen buɗewa, ya rufe da wuri, kuma buɗewar tasa ta ragu da abin da bai wuce rabin milimita ba. A lissafin masu ƙera shi, tsawon buɗewar yana raguwa da digiri 10 zuwa 15. Da inji ya kai wajen juyi 3,500 a minti, mai ba ya samun sararin tsiyayewa, tafet ya tsaya da tsayinsa, kamshaf ya dawo da cikakken halinsa. Wato inji ɗaya, mai ladabi a cikin gari, mai zafin rai a buɗaɗɗiyar hanya.

Baban garejinmu ne ya ɗaura su. Dattijo ne da ya koyi aiki a kan Fijo 404 da 504, irin waɗanda kamfanin Kaduna ya fara haɗawa a 1975, kuma shi ya riƙa duba wa mahaifinmu wannan Caprice ɗin. Aka tayar da mota, silo ya daidaita, birki ya dawo da laushinsa. Sai dai da inji ya ɗumama, sai ga wata ƙara ƙyas-ƙyas-ƙyas kamar ta keken ɗinki. Dalilinta a fili yake, tunda tafet ya nutse, bawul yana sauka a mazauninsa da ɗan bugu. Takardar da ta zo cikin kwalin ma ta faɗi haka. Amma wa ya karanta takarda?

A nan ne abin ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Bakaniken Kano da kunne yake aiki, kuma ba na raina wannan kunne. Na ga Baba ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara mariƙin a kunnensa, ya faɗi silindar da ke da matsala, aka buɗe aka tarar haka ne. A kan Fijo, ƙyas-ƙyas na nufin gibin tafet ya yi yawa, a ɗauko sifana a saita. A kan inji mai tafet na mai, yana nufin tafet ya gaji ko bakin mai ya tsinke. Shekara arba'in kunne yana jin wannan ƙara a matsayin cuta, ranar da ya ji ta a matsayin lafiya ba zai yarda ba. Duk inda Auta ya tsaya, daga mai faci har direban tasi, sai an ce masa, "Maigida, tafet ɗinka ya tafi."

Da ya kai ta sabis wata rana Baba ba ya nan, sai babban yaron gareji ya yi masa abin da yake ganin alheri ne. Ya juye man da ke ciki, ya zuba mai kauri, ya ƙara da gwangwanin nan mai kamar zuma da ake sa wa tsofaffin injuna. Ƙara ta ragu ƙwarai, yaro yana ta murna. Kwana biyu sai karkarwa ta dawo, birki ya fara tauri. Mai mai kauri ba ya tsiyayewa da sauri, saboda haka tafet ya daina nutsewa, ya koma kamar kowane tafet. An yi maganin ƙarar, an kashe aikin da aka biya kuɗi dominsa.

Ban ga laifin yaron ba. An koya masa abin da zai yi idan ya ji ƙara, ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa me ke faruwa a cikin ɗan ƙarfen ba. Kada kuma mai karatu ya ɗauka wannan matsalar masu tsohuwar Caprice ce kaɗai, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Dabarar sauya numfashin inji gwargwadon gudunsa tana cikin dubban motocin da ke yawo a Kano. Honda ta fito da VTEC a 1989, Toyota ta biyo da VVT-i a tsakiyar shekarun 1990. Hanyarsu ta fi ta tafet mai yoyo wayo, kwamfuta ce ke ba da umarni, amma hannun da ke aiwatarwa bakin mai ne. Injin da aka ƙera don mai marar kauri, mu kuma muna ɗura masa mai kauri saboda "zafin garinmu", ko mu bar shi wata shida ba canji har ƙananan hanyoyinsa su toshe. Daga nan a ce motocin zamani ba su da ƙwari.

Har yau ina kan bakana game da kamshaf ɗin. Tafet mai yoyo rage kaifi yake yi, ba ya mayar da kamshaf ɗin tsere na zuwa kasuwa, kuma idan ƙusoshin sun wuce kima ba abin da zai iya. Ƙarfin da Auta ya saya yana zaune ne can sama da juyi 3,500, inda allurar injinsa ba ta kaiwa sai in ya fita hanyar Katsina da sassafe. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, fitar ma ta zama sai an yi shawara da aljihu. Na kuma ce masa ranar da na ji labarin ya shiga wasan mota a ɗaurin aure ko kamu, ni da kaina zan kai ta Ƙofar Ruwa.

Da Baba ya dawo aka ba shi labari, bai yi wa yaron faɗa ba. Ya ce da ni, "Malam, ɗauko takardar nan ka karanta mana da Hausa." Muka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, ina fassarawa, yara biyar suna tsaye. Ya sa aka kawo tsohon tafet guda, ya warware shi a kan tsumma, ya nuna musu ɗan ɗakin mai da ƙaramin ƙwallon da ke rufe shi. Sannan aka juye zumar nan, aka zuba man da ya dace, aka tayar da inji. Muka jira ya ɗumama. Da ƙyas-ƙyas ɗin ta dawo, Baba ya ɗora sukudirebansa, ya saurara ya daɗe, fuskarsa a yamutse.

"Kunnena bai so ba," ya ce. "Amma taka birkin mu gani."