Ciwon Waya

A Yauri ba a cika ganin motar gudu ba, irin mai kujera biyu wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa. Yashinmu ma ba zai bar ta ba. Amma ciwon da ke kwantar da ita shi ne ke kwantar da tsofaffin motocin da ake kawo mana daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano: wuta.

Masu motocin MG da Jaguar a Ingila sun daɗe suna tsokanar kamfanin Lucas, wanda ya riƙa yi musu kayan wuta a da, har suka laƙaba masa Yariman Duhu. Injin lafiya lau, fitila ta ɗauke. Nan kuwa zafi ke busar da robar waya har ta tsage, ƙurar hunturu ta cika soket, ɓera ya ƙarasa sauran.

Na kan zauna wurin wani mai wayarin a Matamaye. Kayan aikinsa ƙwan fitila ne ɗaure da waya biyu. Ya kankare koren tsatsa a kan batir, ya ɗaure wayar da ke haɗe da jikin mota, sai ka ji ta tashi. Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ba ta ɓoye masa komai. Na yanzu masu kwamfuta kam, sai ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, kai ta Damagaram ko Kano a sa mata na'ura.” Kuɗin janta kaɗai ya kan fi na gyaran.