Permi ya fito, amma karatun hanya bai ƙare ba

Yau maganar yaranmu sabbin direbobi za mu yi, waɗanda permi ɗinsu bai shekara ba, ko kuwa lasin, kamar yadda 'yan uwanmu na Kamba ke cewa.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya a nan. Yaro ya shiga oto-ekol, ya haddace kod, ya koyi tada mota da canza giya da ajiye ta tsakanin sanduna. Ya ci jarrabawa, a yi masa barka. Sati bai zagayo ba sai ka ji an miƙa masa makulli: ga kaya a kai Dosso, ga 'yan biki a kai Kamba. Daga filin koyo sai babbar hanya, babu wani mataki a tsakani.

To ita RN7 ai ba ruwanta da sabon hannu. Kilomita wajen 150 ne daga Gaya zuwa Dosso, kuma ita ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta gadar Malanbil, kafin a rufe gadar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Duk da haka hanyar ba ta huta ba. Ga tirela, ga bas, ga kabu-kabu, ga amalanken jaki, ga shanu masu tsallakawa. Da damina yankinmu ya fi kusan ko'ina samun ruwa a Nijar, da hunturu kuma hazo ya rufe ido. Shi kuwa yaron da rana ya koyi tuƙi, cikin gari, a mota marar kaya, malami na gefensa da birkinsa.

Mu ɗauki lissafin da ake koyarwa a kod ɗin kansa. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana bukatar wajen mita 25 kafin ta tsaya cik. In gudun ya kai 90, sai ta ci wajen mita 81, a busasshiyar kwalta ke nan. Ƙaramar fitila kuwa, wadda ake komawa kanta in wata mota ta tunkaro, abin da kod ya ce ta haska mita 30 ne. Kun ga ke nan mai gudun 90 da dare ba zai iya tsayawa cikin abin da idonsa ke gani ba. In amalanke ce a gaba babu fitila, ko kamiyon da ya lalace aka zuba masa ganyaye a baya, sai dai a ce Allah ya kiyaye. Yaro yana iya ba da wannan amsa daidai a jarrabawa, amma ƙafarsa ba ta san ta ba tukuna.

Haka nan mota cike da mutane da buhuna daban take da wadda ya koya da ita. Birki ya yi nauyi, kwana ta ja ta gefe, wuce tirela ya ɗauki lokacin da bai zata ba. Wa ya taɓa nuna masa cewa in ba ya ganin madubin mai tirela, to mai tirelar ma ba ya ganinsa? Wa ya koya masa abin yi in tayar gaba ta fashe, ko in barci ya fara fizgarsa bayan Bella?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa wasu ƙasashe suka ƙara mataki bayan permi. A Faransa sabon direba na yin shekara uku na gwaji, da maki 6 maimakon 12, da alamar A manne a bayan mota. Tun 2019 kuma, wanda ya koma horon yini guda tsakanin wata na 6 da na 12 ana rage masa gwajin zuwa shekara biyu. A Ingila akwai Pass Plus tun 1995, aƙalla awa shida tare da malami, a yi tuƙin dare, na ruwan sama, na hanyar karkara da na manyan tituna.

Sai dai a lura. A Nowe sun taɓa koya wa sabbin direbobi dabarun sarrafa mota a kan santsi, sai aka ga hatsarin samari ya ƙaru, don kowa ya ɗauka ya zama gwani. Horon da muke nema shi ne mai koya wa yaro hango haɗari tun daga nesa da ɗaga ƙafa daga totur, ba mai ƙara masa rawar kai ba.

Mu ma ai muna da namu tun da. Karen mota yakan yi shekaru a gefen maigidansa kafin a bar masa sitiyari. Ya san dare, ya san nauyin kaya, ya san ƙarar injin da ba ta da lafiya. Abin da ya rasa shi ne kod, kuma yakan gaji munanan halayen maigida tare da nagarin. Ɗan oto-ekol yana da kod, ba shi da hanya. Me zai hana a haɗa biyun?

Ba sai mun jira doka daga Yamai ba, kodayake muna fata ANISER, hukumar kiyaye haɗurran hanya, ta duba batun. Masu oto-ekol su buɗe ɗan gajeren horo na bayan permi, da fita ɗaya da dare, ɗaya cikin ruwa, ɗaya da mota mai kaya. Sandikan direbobi na tasha su ware dattawan da aka shaida da natsuwa, su raka sabbin hannu a tafiye-tafiyensu na farko. Masu motoci kuma, alhazanmu, ku yi haƙuri: watannin farko kada a ba yaro tafiyar dare, kada a cika masa fasinja, kada a yanka masa lokacin isa. Kuɗin man fita uku bai kai kuɗin gyaran gaban mota ba, balle rai.

Iyaye, kafin ku miƙa makulli a tafiya mai zuwa, ku tambayi yaron: sau nawa ka tuƙa da dare, kuma wa ke gefenka? In ya yi shiru, a nemo masa mai rakiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Direbobinmu na tasha, muna jiran jin ta bakinku. Allah ya kai kowa gida lafiya.