Giyar Otomatik a Yashin Kurfai

Yashin Dallol Bosso, a nan ƙasar Kurfai, ba ya tausayin giyar otomatik. Tawa in ta yi zafi, injin ya yi ta kuka, ita kuwa sai ta yi nawa kafin ta kama. Na shafa sandar awo a farin ƙyalle: man da na sani ja ya koma baƙi, yana ƙauri. Makanikina a Filinge ya kwance kwanon ƙasa, sai ga garin ƙarfe ya lulluɓe maganaɗisun da ke cikinsa. Ya ce, "Malam, fayafayan ciki sun cinye, canjin mai ba zai yi ba."

Na daɗe ina tunanin sayen wata giyar ta hannu daga Kwatano, amma wa ya san wahalar da ta sha? Gara in bi ta Baleyara in kai tawa Yamai, a buɗe ta a gabana, a sa mata sababbin fayafayai.